Farar Shadda da Fuskar Kaka: Yadda Na Koyi Juya Kyamarata

Ranar sunan ɗan yayata na ɗauki hoto ɗari uku da 'yan kai. Da daddare muka baje tabarma a tsakar gida muna dubawa a kwamfuta, amma ko ashirin ban iya warewa ba waɗanda zan nuna wa baƙo ban sunkuyar da kai ba. Na cikin ɗaki wasu sun fito dishi-dishi, hannun mai jego ya koma kamar hayaƙi. Wasu kuma filashi ya ɗago da kansa ya dalle goshin mutane, bayansu baƙi ƙirin. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na kakanmu. Ya sha babbar riga ta farar shadda, ya tsaya a ƙofar gida rana na dukansa, ya gyara zaman hula ya ce in ɗauka. Rigar ta fito ruwan toka kamar ta shekara ba ta ga wanki ba, fuskarsa kuwa ba ka ganin komai sai gemu. Yaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ƙanena, wannan ce ka kwashe adashenka ka saya? Ai ko wayata ta fi ta." Ban ce uffan ba, don gaskiyarta ne.

Kyamarar Canon EOS 600D ce, ta hannu, irin wadda aka fara fitarwa a 2011. Ta zo da lens ɗinta, wato gilashin gaba da haske ke bi, na milimita 18-55, da batir ɗaya, da caja. Wanda ya sayar mini ba abin da yake ta nanatawa sai megafiksel 18, ni ma shi na riƙe ina faɗa wa abokai. Daga baya na karanta cewa kyamarar dijital ta farko da injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa a 1975, megafiksel 0.01 gare ta, kuma sai ta ci daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kaset. Tawa ta ninka ta sau dubu da ɗaruruwa, amma ga fuskar Kaka ta ɓace. Tun da na saye ta, maƙunnin da ke samanta yana kan koren harafin A, wato ta yi wa kanta komai. Sauran haruffan, P da Tv da Av da M, tsoronsu nake ji, kada in taɓa in ɓata.

A bakin titin unguwarmu akwai wani tsoho mai shagon hoto, wanda tun muna firamare shi ke ɗaukar mu fasfo. Washegari da hantsi na rataya kyamara na tafi. Na gaishe shi, na nuna masa hoton Kaka a bayan kyamarar. Ya ture tabaransa sama, ya ƙura ido, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, kai ka ɗauka ko ita ta ɗauka?"

Na ce, "Baba, ni na danna."

"Dannawa kam ka danna. Zauna."

Abin da ya fara yi sai da gabana ya faɗi. Ya kashe ta, ya murɗe lens ɗin ya cire. Ya nuna mini wani ɗan madubi a kishingiɗe a ciki, ya ce shi ne ke tura hasken sama zuwa tagar da nake sa ido. A bayan madubin akwai labule, a bayan labulen akwai faifan da ke karɓar haske, wanda ake ce wa sensa, faɗinsa bai wuce milimita 22 da ɗoriya ba. Idan na danna, madubi ya ɗaga, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan faifan, labule ya rufe. Wannan ƙarar "ƙyas" da nake jin daɗinta, ashe motsin waɗannan ne. Ya ce duk hoton duniya abu uku ne ke riƙe da shi: faɗin ƙofar da haske ke bi a cikin lens, tsawon lokacin da labule zai tsaya a buɗe, da kuma ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hasken da ta samu ƙarfi. "Duwatsun murhu ne," in ji shi. "Ka janye ɗaya ba ka gyara sauran ba, miya ta kife."

Bai bar ni na taɓa ukun a rana ɗaya ba. Ya juya maƙunni zuwa Av ya ce sati guda kada in matsa daga nan. A nan ni ke zaɓar faɗin ƙofa, kyamara ta zaɓi saurin labule. 

Lambobin ƙofar ne suka fara ruɗa ni, don a juye suke. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, babbar lamba ita ce 'yar mitsitsiya. Kwana biyu ina kuskure, sai da Baba ya ɗauko biro ya nuna mini cewa ai rabawa ce. Idan lens ɗin milimita 50 ne, f/2 na nufin 50 a raba biyu, ƙofa mai faɗin milimita 25. A f/16 kuwa 50 a raba sha shida, 'yar kafa da ba ta fi milimita uku da kaɗan ba. Daga ranar ban sake mantawa ba. Ya sa na haddace jerin kamar karatun allo: 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Duk tsallake ɗaya zuwa gaba, haske ya ragu da rabi. Masu sana'ar suna kiran kowane tsallake mataki ɗaya.

Na jera kwalaben lemo guda biyar a kan dakali, ɗaya a bayan ɗaya, na saita idon kyamara a kan ta biyu, wato ita nake so ta fito tar. A f/5.6 ta biyun ce kaɗai ta fito tar, na bayan sun yi laushi. A f/16 har rubutun ta ƙarshe ina karantawa. Nan na gane abin da ke sa hotunan amare da nake gani a Instagram bayansu ya narke, fuskar ta fito ita kaɗai. Amma lens ɗina bai iya ba ni wannan sosai ba. A jikinsa an rubuta 3.5-5.6, ma'ana idan na jawo abu kusa zuwa 55, iyakar buɗewarsa f/5.6 ce. Baba ya ara mini wani ƙaramin lens na milimita 50 mai buɗewa har f/1.8, wanda ba ya jawowa, sai dai ka taka da ƙafarka. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau goma. Sai na haukace da shi, komai f/1.8, har na ɗauki ƙannena uku a tsaye, na tsakiya ya fito, na gefe biyu da suka ɗan ja baya suka yi dishi-dishi. Baba ya ce mutum ɗaya ka buɗe yadda kake so, amma taron jama'a kada ka sauka ƙasa da f/5.6, in layi biyu ne ma f/8.

Sati na biyu Tv, inda ni ke zaɓar saurin labule. Wannan ya fi sauƙin shiga kai. Na zauna a bencin mai shayi ina harbin 'yan adaidaita sahu da ke wucewa. A 1/1000 keken ya tsaya cak kamar an kafa shi, har ƙarfen taya kana gani. A 1/30 sai wani rawayen zane kawai ya ratsa hoton. Na koma gida na buɗe famfo: a 1/2000 ruwan ya rabu ɗigo-ɗigo, a 1/8 ya zama kamar zaren auduga, sai dai sai da na ɗora kyamarar a kan turmi don kada ta motsa.

A nan ne na gano sirrin hotunan ɗakin mai jego. Na koma na duba bayanan da kowane hoto ke ajiyewa, na ga wasu a 1/15 aka ɗauke su. Motsi iri biyu ne ya haɗu: na mutanen, da na hannuna. Dokar da Baba ya ba ni ita ce, lambar ƙasan saurin labule kada ta gaza tsawon lens. Kuma tun da faifan irin kyamarata ƙarami ne, ana ninka tsawon da 1.6, sai 50 ta zama kamar 80. Don haka da lens ɗin Baba na 50 ba na sauka ƙasa da 1/100 idan a hannu nake riƙe da ita. Ya kuma gyara mini riƙo: hagu a ƙarƙashin lens, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, a danna a hankali ba a soka ba. Da ina riƙe ta nesa da jiki ina kallon allon baya, kamar mai ɗauka da waya.

ISO kuwa wani abokina ya riga ya tsorata ni, ya ce kada in kuskura in wuce 100, hoto zai yi yashi. Da na faɗa wa Baba sai ya yi tsaki. Ya ce a zamanin fim, idan ka sa na 100 ko na 400 to ka ɗaure kanka har sai ka ƙare hoto 36 ɗin nan, yanzu an ba ku abin juyawa da ɗan yatsa kuna tsoro. Muka shiga zauren maƙwabcinsa inda haske ke shigowa ta ƙofa ɗaya. A ISO 100 labule ya sauka har 1/8, hoto ya girgiza. A 1600 ya hau 1/125, hoto ya tsaya. E, akwai ɗan tsaki-tsaki a wuraren duhu idan ka zuƙo sosai, amma fuskar mutum ce a fili. Kyamarar tana kaiwa 6400, sai dai ni a ganina daga 3200 abin ya fara muni. Hoto mai yashi ana iya kai wa mai shi. Wanda ya girgiza kuwa sai gogewa.

Duk wannan bai amsa mini tambayar da ta kawo ni ba. A sati na uku na sake fito da hoton Kaka, na ce, "Baba, shi wannan fa? Ba duhu, ba motsi, rana tsaka."

Ya miƙo mini farar takarda ya ce in cika hoton da ita in ɗauka. Na ɗauka. Ya ɗauko baƙin ƙyallen da yake rufe na'urarsa ya ce shi ma haka. Ya ce in duba. Wallahi duka biyun ruwan toka suka fito, kusan ba ka bambance su. Na tsaya baki buɗe.

Ya ce kyamara ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Ma'aunin da ke cikinta an gina shi ne a kan zaton cewa idan aka gauraya duk abin da ke gabanta, zai tashi tsaka-tsaki, ruwan toka. Idan ta ga fari da yawa sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa, ta rage. Idan ta ga baƙi da yawa sai ta ɗauka duhu ne, ta ƙara. Babbar rigar Kaka ta cinye fiye da rabin hoton, kyamara ta tsorata ta rage haske, riga ta koma toka, fuskar da dama ta fi rigar duhu nesa ba kusa ba ta nutse gaba ɗaya. Na yi shiru ina tunani. Mu nan kusan duk wani taro namu haka yake: ranar Juma'a, ɗaurin aure, Sallah, baƙar fata cikin fararen kaya a ƙarƙashin rana mai zafi. Wato abin da muka fi ɗauka shi ne abin da koren A ya fi kasawa a kai. Ita kuwa wayar Yaya, abin da ya sa take cin nasara, hotuna da dama take ɗauka a ƙiftawar ido ta haɗe su, ta nemo fuska ta haskaka ta. Kyamarata ba ta yi maka wannan, kai take jira.

Maganin farko wani ɗan maɓalli ne a baya mai alamar ƙari da ragi. Ka danne shi ka juya tayar da ke kusa da ɗan yatsanka zuwa +1, ka ce mata ta ƙara mataki ɗaya a kan abin da ta auna. Muka gwada da wani mai facin taya da ya dawo daga masallaci cikin farar riga, bayan mun roƙe shi ya yarda. Fuska ta fito. Na fara murna, sai Baba ya danna INFO, wani zane mai kama da tsauni ya bayyana a gefen hoton, kafaɗar rigar kuma tana ta ƙiftawa baƙi da fari. Ya ce hagun zanen duhu ne, damansa haske, kuma idan tsaunin ya je ya jingina da bangon dama to wurin ya ƙone, babu abin da za a iya cetowa. Aikin wuyan rigar duk ya shafe, ya zama fari fat. Ka san kuwa mutumin da ya biya kuɗin aska takwas ba zai yafe maka ba idan ba a ga aikin a hoto ba.

Na ce, "To Baba, in na rage fuska ta tafi, in na ƙara riga ta tafi. Ina mafita?"

"Mafitar ba ta cikin kyamara. Matsar da mutumin."

Muka ja shi zuwa inuwar darbejiya, muka juya shi ya fuskanci fili, ba gindin bishiyar ba. A inuwa tazarar da ke tsakanin hasken riga da na fuska ta ragu, har faifan ya iya ɗaukar duka biyun. Baba ya sa wani yaro ya riƙe farin kwali daga ƙasa, ya maido haske ƙarƙashin haɓa da kwarmin ido. Na ɗauka a f/4, ISO 200, ƙari kashi biyu cikin uku na mataki. Fuska ga ta da ƙyallinta, zaren aikin ga shi ɗaya bayan ɗaya. Mai facin ya kalla ya ce, "Kai, ashe haka nake?"

Tun daga ranar na daina ɗaukar mutum da tsakar rana sai dole. Safiya kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya, ko bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe. Idan dole ta sa, akwai lissafin tsofaffin masu fim da Baba ya ba ni: rana tar, ISO 100, f/16, labule 1/125. In ka buɗe zuwa f/8 ka kai labule 1/500. Da wannan na fara shiga M, inda ni ke zaɓar ƙofa da labule duka, ba tare da fargaba ba. Na kuma gane dalilin da ya sa hotunan da na ɗauka a f/1.8 cikin rana suka ƙone: suna bukatar saurin da ya wuce 1/4000, kyamarata kuwa nan ce iyakarta.

Sauran abubuwan a hanya na tsince su. Launin fari yana canzawa da irin fitila. Ƙwan lantarki mai ja yana mai da shadda ruwan ɗorawa, inuwa tana sa ta shuɗi-shuɗi, kuma akwai wurin gyara wannan mai alamar WB. Na koma ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda kowane hoto ke cin fiye da megabait 20, ninki uku ko huɗu na JPEG, amma yana ba ka damar gyara launi da ɗago inuwa a kwamfuta ba tare da hoton ya lalace ba. Saitin ido ma na karɓe shi daga hannunta. Ɗigo tara na saitin ido take da su, kuma in ka bar ta sai ta kama abin da ya fi kusa, ko da kafaɗar wani ce. Yanzu na tsakiya kawai nake amfani da shi, in ɗora a kan idon mutum, in danna rabi, in gyara tsayuwar hoton, sannan in ƙarasa.

Biyu kuwa da wahala na koye su. Cikin hunturu na canza lens a waje, iska na kaɗawa, bayan nan duk hoton da na ɗauka a f/16 sai in ga ɗige-ɗige uku a sararin sama, wuri ɗaya ba sa matsawa. Ƙura ce ta zauna a kan faifan. Na kai baki zan hura, Baba ya buge mini hannu, ya ce yawu zan ƙara mata. Ya ɗauko 'yar robar hura iska, ya kifa kyamarar ƙasa ya fesa. Na biyun memori ne mai araha da na saya a wurin wani mai tebur a bakin hanya, an rubuta giga 64 a jikinsa. Ya yi mini aiki kwana biyu, a na uku rabin hotunan walimar saukar ƙanwata suka ƙi buɗewa. Yanzu guda biyu nake riƙewa ƙanana daga shagon da na yarda da shi, kuma a cikin kyamarar nake share su bayan na kwafe, ba a kwamfuta ba.

Wata biyu bayan sunan, ranar wata Juma'a da la'asar, na je gidan Kaka na durƙusa na gaishe shi, na ce ina roƙon ya sake sa rigar nan. Ya ce, "Ja'iri, wancan da ka ɗauka ina yake? Ko ka sayar?" Na ce ya ƙone. Ya ce shi bai taɓa jin hoto ya ƙone babu wuta ba, amma ya shiga ya sako ta. Zai nufi ƙofar gida inda ya tsaya wancan karon, na ce a'a, nan bakin zaure. Na ajiye masa kujera taku biyu daga ƙofa, haske na zuwa ta damansa. Ɗan yayata na wajen uwarsa a cikin gida, na aika aka kawo shi aka ɗora masa a cinya. Lens na 50, f/2.8, ISO 400, labule 1/200 saboda jariri ba ya zama wuri ɗaya. Na ɗauki na gwaji, na duba tsaunin, bai taɓa bangon dama ba. Na ɗora ɗigon a kan idon Kaka na jira. Yaron ya miƙa hannu ya cafki gemun, Kaka ya buɗe baki zai yi magana, na danna.

Guda bakwai kacal na ɗauka ranar. Na huɗun na kai shagon Baba aka wanke shi babba. Ya riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, ya kai shi bakin ƙofa ya duba da kyau, ya ce gefen hular ya ɗan fita daga saiti, da na rufe zuwa f/4 da ya fi. Sannan ya ce in dawo masa da lens ɗinsa ranar Litinin, in je in nemi nawa.